Gem ɗin ba yabo ba fallasa, su ne fa suka cika wayoyinmu

In ana hirar gem, wato wasannin bidiyo, yawanci ko ana zuzuta wanda ya yi fice ne ko kuma ana zagin wanda ya lalace gaba ɗaya, amma gaskiya mafi yawan abin da ke cikin wayoyinmu ba ya cikin ɓangarorin nan biyu. Akwai na ƙwallo da ka san sarai bai kama ƙafar na PlayStation ba, akwai na tseren mota da kullum kake cewa za ka goge amma har yau yana nan, akwai na harbi da hotonsa bai wani burge ka ba amma in dare ya yi sai ka shiga. Su ne 'yan tsaka-tsaki. A shafin Metacritic da ke tattara makin masu sharhin gem, duk wanda ya samu 75 zuwa sama ana ba shi kore, daga 50 zuwa 74 kuma ruwan ɗorawa, to 'yan ruwan ɗorawar nan nake nufi, da ma dubban da ko sharhinsu ba wanda ya tsaya yi.

Abin da nake so in faɗa shi ne ba iri ɗaya ba ne su. Akwai gem ɗin da ya zama tsaka-tsaki saboda iya ƙarfin na'urar ke nan, ko iya kuɗin da masu yin sa suke da shi ke nan, akwai kuma wanda an iya yin sa da kyau sosai amma da gangan aka karya masa ƙafa don ka biya kuɗin ɗori. Na farko ina da uzuri a gare shi har ma ina ƙaunarsa, na biyu kuwa shi ne ke ci min rai.

Mu fara da na'urar gem ta hannu, don can ne maganar ta samo asali. Nintendo ta fito da Game Boy a 1989, allonsa ba kala, ɗan kore-kore ne kawai, batir huɗu yake ci. Shekara ɗaya bayan nan Sega ta fito da Game Gear mai kala mai haske, kowa ya gani ya san ya fi kyau, amma batir shida yake ci kuma cikin awa uku zuwa biyar ya shanye su. Ƙarshenta Game Boy da ƙaninsa Game Boy Color suka sayar da sama da miliyan 118, Game Gear kuwa a wajajen miliyan 10 ya tsaya. Tun daga nan ya kamata a gane cewa abin da ake riƙewa a hannu ba da ma'aunin abin da ke jone da talabijin ake auna shi ba. Mai riƙe da gem a mota ko a layin jiran wani abu, abin da ya dame shi shi ne ya buɗe da sauri, ya gane abin da zai yi, kar batir ya mutu, in an kira shi ya iya tsayawa ya dawo.

PSP ta Sony da ta fito Japan a ƙarshen 2004 ita ce ta fi nuna wannan matsala ƙarara, saboda alƙawarin da ta yi shi ne PlayStation 2 a aljihunka. Amma fad ɗin PS2, wato abin da ake riƙewa a buga gem, yana da analog biyu (ƙananan sandunan da ake juyawa da yatsa) da maɓallan kafaɗa huɗu, PSP kuwa analog ɗaya ne ɗan mitsitsi da maɓallan kafaɗa biyu, faifanta na UMD giga 1.8 yake ɗauka alhali DVD na ɗaukar 4.7. To duk gem ɗin da aka gina shi a kan ka yi tafiya da babban yatsan hagu kana juya kyamara da na dama, in aka kawo shi PSP dole a yi masa kwaskwarima, shi ya sa gem ɗin harbi da yawa a kanta suka zama ba yabo ba fallasa, ba don masu yin su ba su iya ba, yatsa ɗaya ne aka cire musu. Waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda suka yarda da iyakar na'urar tun farko, kamar God of War: Chains of Olympus na 2008, wanda dama can gem ɗin shi ke riƙe da kyamararsa ba kai ba, don haka bai yi asarar komai sosai ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne GTA: Liberty City Stories. Da ya fito a PSP a 2005 yabo aka yi ta yi, gari guda sukutum a tafin hannu, ya ma zama gem ɗin da aka fi saya a na'urar. A 2006 aka kai shi PS2, labari ɗaya, gari ɗaya, sai makinsa ya sauka, saboda a can kusa da GTA: San Andreas aka ajiye shi aka auna, sai aka ga ƙarami ne. Gem bai canza ba, wurin da aka buga shi ne ya canza. Don haka in ka ga an ba wa gem ɗin waya 65 cikin 100, ka tambayi kanka wa ya ba shi, da wace waya, kuma da me yake kwatanta shi. Mai sharhi a Amurka da ke da PS5 a falo da iPhone sabuwa a aljihu da intanet ɗin gida da ba ya ƙarewa, ba buƙatarsa ɗaya da mai Tecno ko itel mai ram giga 2 ko 3 ba, wanda data auna ta yake kamar gishiri, in an ɗauke wuta kuma sai ya kai wayar wajen mai caji.

Anan ƙarfin 'yan tsaka-tsakin yake, kuma ba ƙaramin ƙarfi ba ne: suna buɗewa. Genshin Impact da ya fito a 2020 kyakkyawa ne ba musu, amma memorin da yake ci da zafin da yake sa waya sun isa su hana mafi yawanmu ko gwada shi. Free Fire kuwa da Garena ta Singafo ta saki a 2017, ba wanda zai ce hotonsa ya kai na PUBG Mobile, 'yan wasa 50 ne a fili maimakon 100, filin ƙarami, wasa ɗaya wajen minti goma an gama, masu PUBG har gori suke yi wa masu buga shi. Amma duk abin da ake masa gori a kai shi ne dalilin da ya sa yake tafiya a ƙaramar waya, shi ya sa ya mamaye Brazil da Indonesiya, har ya zama gem ɗin waya da aka fi saukewa a duniya a 2019. Ni a ganina wannan ba gazawa ba ce, sanin wanda kake yi wa aiki ne. Garau-garau ne, ba abincin biki ba, amma shi ke riƙe cikin mutane da yawa kullum.

Kamfanin da ya fi kowa ƙwarewa a wannan harka shi ne Gameloft na Faransa, wanda Michel Guillemot ya kafa wajen shekarar 2000, ɗaya daga cikin 'yan uwa biyar da suka kafa Ubisoft. Duk wanda ya riƙe Nokia zamanin Java ya san tambarinsu, Real Football, Asphalt, da sauransu, gem ɗin da bai kai mega ɗaya ba a lokacin amma ka yi wata kana bugawa. Da wayoyin shafa suka zo sai suka kama wata hanya da kowa ya gane: Gangstar a madadin GTA, Modern Combat a madadin Call of Duty, N.O.V.A. a madadin Halo. An zage su da kwaikwayo kuma zagin yana kan hanya, labaransu ba su da wani zurfi, maganganun 'yan cikin gem ɗin wani lokaci ko ma'ana babu, garin Gangstar Vegas in ka kwatanta da na GTA kusan fayau yake, mutane kaɗan motoci kaɗan. Amma a lokacin manyan kamfanonin ba su damu da waya ba, kuma yaron da ba zai taɓa mallakar Xbox ba ya samu wani abu mai kama da abin da yake gani a gidan gem. Ka biya sau ɗaya, ko a tura maka, ka buga daga farko har ƙarshe. Wannan tsaka-tsaki ne mai gaskiya, bai ɓoye maka komai ba.

To ina aka samu matsala? A watan Oktoba na 2009 Apple ta ba da dama a riƙa sayar da abubuwa a cikin manhajar da aka sauke kyauta, kuma cikin 'yan shekaru wannan ya juya kasuwar gaba ɗaya. Da, mai yin gem yana samun kuɗinsa ne ranar da ka saya, don haka burinsa ka ji daɗi ka gaya wa abokinka. Yanzu kuwa ka shigo kyauta, shi kuma ya kashe kuɗin talla kafin ya jawo ka, Apple ko Google kuma za su cire kasonsu da ya kai kashi 30 a duk abin da aka saya, kuma mafi yawan masu bugawa ko sisi ba za su taɓa biya ba, 'yan tsiraru ne ke ɗauke da nauyin kowa. Don haka dole a gina gem ɗin ta yadda za ka daɗe a ciki, kuma a wani wuri ka ji takura. Ba takurar da za ta kore ka ba, daidai wadda za ta sa ka fara tunanin ciro kati. Akwai ma'aikata da aikinsu ke nan, suna duba alƙaluma su ga a wane mataki mutane ke gudu, a wane suke biya, su ƙara wuya nan su rage can.

Ka ga Modern Combat 5, a 2014 ya fito na kuɗi, a 2015 aka mai da shi kyauta aka saka masa tsarin kuzari, in ka buga 'yan matakai kuzarin ya ƙare sai ka jira ko ka biya, kuma ko kai kaɗai za ka buga sai da intanet. Asphalt 9 na 2018 kuwa wallahi ya haɗu ta fuskar hoto, gudun motar da yadda take juyi a sama abin kallo ne, wanda ya yi shi ya san aikinsa. Amma mota ba sayenta kake da abin da ka ci a tsere kai tsaye ba, katin zanenta kake tarawa ɗaya-ɗaya, yawancinsu daga fakitin da ba ka san me ke ciki ba, kowace mota kuma tana da man da ke ƙarewa bayan 'yan tsere sai ka jira ya cika. Awannin farko komai na tafiya lafiya, kana cin tsere kana samun mota, daga baya sai ka iso wurin da ƙwarewarka ba ta da amfani, motarka ce ba ta kai lambar da ake so ba, shi ke nan. Wannan shi nake kira karya ƙafa da gangan. Gem ɗin da ya cancanci 85 aka sauke shi zuwa 65 da hannun masu shi, kuma sun san abin da suke yi, don a lissafinsu hakan ya fi kawo kuɗi.

Wani lokacin abin har ya wuce gona da iri. EA ta dawo da tsohon gem ɗin Dungeon Keeper a waya a 2014, inda haƙa wani dutse guda zai iya ɗaukar awa 24 in ba ka biya ba, har hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta yanke cewa tallarsa da ke cewa kyauta ne akwai yaudara a ciki. Ita dai hukumar ce a 2020 ta hana wasu tallolin Homescapes da Gardenscapes na kamfanin Playrix, waɗannan da ake nuna maka mutum zai nutse ko wuta za ta ci shi kana zare ƙusa don ka cece shi, in ka sauke sai ka tarar da gem ɗin jera kala uku ne, abin da aka nuna maka ɗan kaɗan ne a ciki.

Sai talla. Mu nan yawanci da ita muke biya, ba da kuɗi ba, kuma kuɗin da kamfani ke samu in ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ya kalli talla bai kai abin da yake samu a kan ɗan Amurka ba ko kusa, amma yawan tallar ɗaya ne, datar da take ci kuma taka ce. Gem irin na kamfanin Voodoo, su Helix Jump, wasan daƙiƙa talatin talla daƙiƙa talatin, shi ya sa kowa ya koyi kashe data kafin ya buɗe. Su ma kamfanonin sun gane, shi ya sa da yawa yanzu ba sa buɗewa sai sun ji intanet.

Bari in daɗe kaɗan a kan ƙwallo, don ita ce tamu. Dream League Soccer (DLS) na First Touch Games, wani kamfani a Oxford ta Ingila, shi ne cikakken ɗan tsaka-tsaki. Yana da lasisin FIFPRO, ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, don haka sunayen 'yan wasa na gaskiya ne, amma sunayen kulob da rigunansu ba na gaskiya ba ne sai ka ɗauko rigar da kanka ka saka. Maɓalli uku ne kacal, mai tsaron gida wani lokaci ƙwallon da yaro zai kama sai ta wuce shi, in ka gano lungun da ake cin kwamfuta to kullum ta nan za ka ci, mai sharhin wasan kuma jimlolinsa ba su da yawa har ka haddace. Duk da haka maɓalli ukun nan su ne sirrinsa, saboda gilashin waya ba fad ba ne, yatsanka ba ya jin inda maɓalli ya fara da inda ya ƙare, in gumi ya zo ya zame, kuma yatsun naka biyu sun rufe wani ɓangare na filin. Duk gem ɗin da ya jera maɓalli takwas a kan gilashi yana neman abin da yatsa ba zai iya ba. DLS ya rage buri ya samu daidaito. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne daga DLS 2020 aka ɗaure babban wasan da intanet, aka ƙara duwatsu masu daraja a kan tsabar da ake tarawa, shi ya sa har yau za ka ga ana neman DLS 19 ana tura wa juna.

Konami kuwa, masu PES, sun nuna cewa babban suna ba ya hana faɗuwa. A ƙarshen Satumbar 2021 suka saki eFootball 2022, fuskokin 'yan wasa a karkace, ƙungiyoyi 'yan kaɗan, har ya zama gem ɗin da ya fi kowanne mummunan maki a Steam, shagon gem na kwamfuta, a lokacin, sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Sun gyara daga baya, na wayar yanzu yana da daɗin bugawa, amma zuciyarsa buɗe fakitin 'yan wasa ce da fafatawa ta intanet, in netwok ɗinka na rawa ka danna fasin sai bayan an ƙwace ƙwallon ɗan wasanka zai motsa. A ɗaya gefen kuma ga PES na PSP, wanda na ƙarshensa shi ne PES 2014, wanda ko a zamaninsa ƙanin na PS2 ne da aka rage wa kaya. Saboda PPSSPP, manhajar da Henrik Rydgård ɗan Suwidin ya fara a 2012 mai sa waya ta buga gem ɗin PSP, wannan tsohon gem ɗin ya samu rayuwa ta biyu da masu shi ba su taɓa tsammani ba. Matasa ne ke zama su canza masa riguna da fuskoki da sayen 'yan wasa na sabuwar kaka, su sa masa sunan shekarar da ake ciki, a tura ta Xender. Injin cikinsa na sama da shekara goma ne, motsin 'yan wasan a sandare yake, amma ba ya tambayarka data, ba ya nuna maka talla, ba ya ce maka kuzari ya ƙare, ƙungiyar da ka gina a Master League taka ce.

Ba ina cewa duk tsohon abu ko duk na na'urar hannu mai gaskiya ba ne. Akwai lalaci a can ma. EA ta yi shekaru tana sayar da FIFA a Nintendo Switch da sunan Legacy Edition, daga FIFA 20 har 23, riguna da jerin 'yan wasa kawai ake sabuntawa, kamar yadda ta yi wa PS Vita a baya. Mortal Kombat 1 ya zo Switch a 2023 a kan dala 70, farashi ɗaya da na PS5, da fuskoki da suka zama abin dariya a intanet. Nintendo DS kuma da ta sayar da sama da miliyan 150, rumbunta cike yake da gem ɗin da aka yi cikin gaggawa don a ci kasuwar wani fim na yara. Bambancin dai shi ne waɗannan kana iya ganin aibinsu kafin ka saya, sharhin rana ɗaya ya isa ya tona su. Na waya kuwa aibinsa a sati na uku yake fitowa, bayan ka saba, bayan ka gina ƙungiya, bayan mai sharhi ya daɗe da rubuta nasa ya wuce.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, gem ɗin da ke rayuwa a kan sabar kamfani ba naka ba ne ko nawa ka zuba. Apex Legends Mobile ya fito a Mayun 2022, Google da Apple duka suka ba shi kyautar gem ɗin shekara, a Mayun 2023 aka kashe sabar, duk wanda ya sayi kaya a ciki ya tashi a tutar babu. Call of Duty: Warzone Mobile ya fito a Maris na 2024, a Mayun 2025 aka cire shi daga shagunan manhaja. In waɗannan manyan haka ta same su, ina ga ɗan ƙaramin gem ɗin da ba ya kawo abin da ake so? Ɗan tsaka-tsaki shi ne farkon wanda ake rufewa.

Sai dai in za a yi adalci, ba kamfanoni kaɗai suka kawo mu nan ba. Nintendo ta gwada hanyar biya sau ɗaya da Super Mario Run a Disambar 2016, dala 9.99 ka buɗe komai, an sauke shi sama da sau miliyan 200 cikin shekara guda amma kamfanin da kansa ya ce ribar ba ta kai yadda yake so ba, sai ga Fire Emblem Heroes mai tsarin buɗe fakiti ya fi shi kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Masu Monument Valley, gem mai kyau ba talla ba takura, sun faɗa a farkon 2015 cewa kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka saka shi a Android suka biya. Duk mai yin gem ya ga waɗannan alƙaluma, kuma ya ɗauki darasi. Mu ma da muke neman wanda aka fasa mai kuɗi mara iyaka muna cikin lissafin, ko da yake ina fahimtar dalili, dala goma a kuɗinmu ba wasa ba ce, kuma an yi lokacin da katin naira ma ba ya biyan komai a waje ko kana da niyya. Amma sakamakon shi ne duk wanda zai yi gem don waya irin tamu ya riga ya san ba zai sayar mana ba, sai dai ya sayar da idonmu ga masu talla ko ya jira ɗaya cikin ɗari ya sayi duwatsu, kuma da wannan lissafin yake zana matakin farko tun kafin ya zana filin wasan.